Daga waya zuwa littafi: Aikin da ke jiran marubucin Dakoro bayan ya gama rubuta labari

A ranar 26 ga Maris, 2025, hukumomin mulkin soja na Jamhuriyar Nijar suka ƙaddamar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Labarin ya karaɗe shafukan sada zumunta daga Yamai har Kano, ya kai ga 'yan ci-rani a Libiya da Aljeriya da Turai.

Sai dai doka ba ta rubuta littafi. Harshen da aka ɗaga darajarsa yana buƙatar abin karantawa, ciki har da ƙagaggun labarai waɗanda matashi zai sa kuɗinsa ya saya don jin daɗi. Masu rubutawa kam ba a rasa su ba, domin duk mai wayar hannu da ɗan data yana iya fara labari yau, gobe ya samu masu karatu a WhatsApp ko Facebook. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aikin da ke biyo bayan rubutun, wato gyara da tacewa.

Garin Dakoro, mai nisan kimanin kilomita 120 arewa da Maradi, misali ne na inda wannan giɓi ya fi fitowa fili. Akasarin gidajen wallafa na Nijar a Yamai suke, sama da kilomita 600 daga nan. Kano ma, cibiyar kasuwar littattafan Hausa, ta fi Yamai kusa da Dakoro, amma tana wata ƙasa, da wasu kuɗi, da wani karin harshe.

Labari a ƙofar gida

Marubucin da ya tashi a Dakoro ba zai yi kukan rashin abin rubutawa ba. Yankin, wanda ƙidayar 2012 ta nuna yana da sama da mutum dubu 600, mahaɗa ce ta manoma da makiyaya: Hausawa da Fulani da Abzinawa suna cin kasuwa ɗaya, suna shan rijiya ɗaya. Tun 1961 wata doka ta shata iyakar da noma bai kamata ya wuce ba ta arewa, kuma a wannan yanki Kwarin Tarka ne ake ɗauka a matsayin alamar iyakar. Yawan jama'a da ƙarancin ƙasar noma sun sa gonaki sun daɗe da tsallake ta, abin da ke janyo taƙaddama kan burtali da mashaya kusan kowace kaka.

Akwai kuma yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin. Akwai samarin da ke tafiya ci-rani bayan girbi, da matan da ake bari da gida har damina ta zagayo.

Kowanne daga cikin waɗannan zai iya ɗaukar littafi guda. Amma samun jigo daban, mayar da shi labari mai kai da gindi daban. Kafin a fara babi na ɗaya, gogaggun marubuta kan tsayar da amsar wasu tambayoyi: wane ne tauraron labarin, me yake nema, wa ko me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa idan bai samu ba? Wanda bai amsa su ba yakan kai babi na goma sha biyar yana ta zagaye, sai ya koma ƙirƙiro haɗarin mota ko ciwon zuciya don labarin ya motsa.

Daftarin farko da tarkon turawa kullum

Daftarin farko na marubuci ne shi kaɗai. A nan ne yake gano labarin da yake son bayarwa, don haka ba abin kunya ba ne ya fito da kwaba. Matsalar da rubutun waya ya zo da ita ita ce daftarin farko ya koma shi ne na ƙarshe.

Tsarin da aka saba da shi a zaurukan karatu na WhatsApp da manhajoji irin su Wattpad da ArewaBooks shi ne a riƙa sakin labari shafi-shafi. Ana fara wa mutane da shafukan kyauta, idan labari ya yi daɗi sai a ce mai son ci gaba ya biya. Marubutan Najeriya da dama har farashi na daban suke sa wa masu karatu na Nijar da kuɗin sefa. Tsarin ya buɗe wa mata da yawa ƙofar samun kuɗi daga ɗakunansu, ba tare da sun nemi izinin wani ɗan kasuwa ba.

Amma yana da tsadarsa. Shafin da aka tura jiya ba ya dawowa. Idan marubuciya ta gano a babi na talatin cewa ya kamata mahaifin tauraruwar ya kasance da rai, ta makara, domin ta riga ta binne shi a babi na biyu a gaban ɗaruruwan shaidu. Masu sharhi kuma suna jan akalar labari: tauraron da suka so sai a tsawaita zamansa, wanda suka tsana sai a hanzarta hukunta shi. Da haka labarin da ya kamata ya tsaya a shafi 200 yake kaiwa littafi na uku.

Akwai kuma batun adanawa. A 1957 Chinua Achebe ya aika kwafi ɗaya tilo na Things Fall Apart, wanda ya rubuta da hannu, zuwa wani kamfanin buga tafireta a Landan. Watanni suka shuɗe babu labari, sai da shugabarsa a gidan rediyo, Angela Beattie, ta je hutu Ingila ta bi sawu kafin aka yi aikin. Littafin ya fito a 1958. Da takardun sun ɓace, da ƙila shi ke nan.

Yau haɗarin ya sauya kama ne kawai. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana rufe layi. Dandalin ma yana iya tafiya, kamar yadda OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da yawa suka dogara da shi, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wanda bai aika wa kansa kwafi ta imel ba, ko bai ajiye a wuri na biyu ba, yana iya wayar gari da aikin shekara biyu ya bi ruwa.

Abin da ya faru a Zariya

Mutane da yawa na ɗaukar littattafan farko na Hausa tamkar haka suka sauko daga kan marubutansu. Tarihi bai nuna haka ba.

A 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi, wanda ke ɗauke da sunan John Tafida da na East ɗin kansa. Duk sai da suka bi ta hannun mai gyara kafin su ga maɗaba'a.

Imam yana matashin malami a Midil ta Katsina lokacin, shekarunsa 22. East bai ɓoye masa ba cewa ya gane labaran da ya aro daga wasu littattafai, ya kuma nuna masa cewa abin da ya ƙaga da kansa ya fi armashi. Imam bai yi fushi ya ajiye alƙalami ba. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya, ya shafe wata shida yana aiki kafaɗa da kafaɗa da East, wanda ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa da na Gabas. Imam ya narkar da su, ya sake gina su da sunaye da garuruwa da barkwancin Hausawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku da har gobe ake karantawa a makarantu.

Wannan tarihi yana da fuska biyu. Ta farko, gwani ma yana buƙatar ido na biyu. Ta biyu, edita yana da ƙarfi ƙwarai: East jami'in mulkin mallaka ne, kuma ra'ayinsa kan abin da ya dace ɗalibai su karanta ya yi tasiri a kan irin littattafan da suka fito. Mai gyara yana iya fito da muryar marubuci, yana kuma iya danne ta.

Bayan Hukumar NORLA ta shekarun 1950 da Kamfanin NNPC da aka kafa a 1966, tattalin arzikin Najeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya daga wallafa labarai. Marubuta suka koma buga littattafansu da kansu. Daga nan aka samu Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a 1984, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. An samu masu karatu fiye da kowane lokaci, amma kujerar edita ta zama babu kowa a kai. Kurakuran rubutu da gaggawar fitarwa na cikin abubuwan da aka yi ta ja-in-ja a kansu a muhawarar da masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tafka a jaridu kan abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano. Rubutun waya ya gaji wannan 'yanci, ya kuma gaji wannan giɓi.

Gyara hawa-hawa ne

A wurin masu sana'ar, gyaran littafi ba karatu ɗaya ba ne, kuma ba daga waƙafi da aya ake farawa ba.

Matakin farko shi ne a bar daftari ya huce. Marubucin da ya gama jiya, idan ya karanta yau, abin da ke kansa yake gani, ba abin da ke kan takarda ba. Bayan wasu makonni sai ya dawo masa kamar baƙo.

Sai gyaran zubi da tsari. A nan ake tambayar ko labarin ya fara a inda ya kamata, domin sau da yawa babi uku na farko share fage ne kawai, ainihin labarin a na huɗu yake farawa. A nan ake haɗe taurari biyu masu aiki iri ɗaya su zama ɗaya, a cire babin da ko an tsallake shi ba a rasa komai ba. A nan kuma ake bin lissafin lokaci: yarinyar da aka ce shekararta takwas a yunwar 2005 ba za ta zama 'yar sha shida a 2020 ba.

Wannan mataki ya haɗa da tantance gaskiyar abubuwa. Ƙagaggen labari ba lasisin yin kuskure ba ne. Wanda ya rubuta labarin rikicin manomi da makiyayi a Kwarin Tarka, dole ya san lokacin da ake girbin gero, da lokacin da hukuma ke sanar da sakin gonaki, da wanda ake fara kai wa ƙara tsakanin maigari da sarki da jandarmomi. Mai karatu a Kano ƙila ba zai lura ba, amma na Kornaka ko Sabon Mashi zai ajiye littafin daga shafin da aka yi kwaɓar. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba wani makiyayi da wani manomi labarin babin, a ji inda za su girgiza kai.

Bayan ginin ya tsaya sai a koma kan jimla. Hirar gaisuwa mai cin shafi biyu, da kwatancen kayan ɗaki da na sutura da ba ya ƙara wa labari komai, da kalmar da marubuci ya maimaita sau biyar a sakin layi ɗaya, duk a nan ake rage su. Karantawa da ƙarfi na taimakawa ƙwarai, domin kunne na kama abin da ido ya tsallake. A Nijar wannan ya fi muhimmanci, ganin cewa manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Da yawan masu bin labarin ta kunne za su same shi, a rediyo ko YouTube ko daga bakin ƙanwa mai karanta wa mutan gida.

Ƙa'idar rubutu ce ta ƙarshe, sannan a sake dubawa sau ɗaya bayan an tsara shafuka. Wanda ya fara da ita ya yi wa ɗakin da za a rushe fenti.

Hausar wa za a rubuta?

A nan ne marubucin Dakoro yake da aikin da takwaransa na Kano ba shi da shi.

Na farko, hannunsa ya saba da Faransanci. Wanda ya yi lakwal yakan rubuta "tchikin guida" a maimakon "cikin gida", ko "koudi" a maimakon "kuɗi". Na biyu, haruffa masu lanƙwasa, waɗanda rashinsu kan sauya ma'ana: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Madannin waya irin su Gboard suna da Hausa, don haka wannan uzuri ya ragu. Na uku, raba kalma da haɗe ta: "yana" da "yakan" a haɗe suke, "za ta" da "shi ne" a rabe.

An daɗe ana ƙoƙarin daidaita rubutun ƙasashen biyu, tun taron UNESCO na Bamako a 1966 da wani taro a Yamai a 1980, sannan Nijar ta fitar da nata ƙa'idojin a hukumance a 1999. Har yanzu akwai ɗan bambanci, misali harafin da Najeriya ke rubutawa 'y, Nijar na rubuta shi ƴ. Abin da ake nema wurin marubuci shi ne ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai daga farko har ƙarshe.

Wanda ya fi wuya shi ne karin harshe. Mutumin Dakoro "tahi" yake cewa, da "biyat", da "ɗiya", da "mi". Yaronsa da kaye da bik yake zuwa lakwal, malaminsa mushe ne. Kabu-kabu yake hawa, ba acaɓa ba. Jaka ɗaya a wurinsa sefa 1,000 ce, alhali a Kano naira 200 ake nufi. Editan da bai san wannan ba zai ɗauke su kurakurai, ya bi su da jan biro har sai tsohuwar Birnin Lalle ta koma magana kamar 'yar Fagge.

Mafitar da marubuta da dama ke bi ita ce mai ba da labari ya yi amfani da daidaitacciyar Hausa, taurari kuma su yi magana da bakinsu. Kalmar da za ta rikita baƙo, kamar jaka, sai a gina jimlar yadda ma'anarta za ta fito da kanta.

Labarin Ahmadou Kourouma na Kodebuwa ya nuna inda layin yake. Gidajen wallafa na Faris sun ƙi karɓar littafinsa na farko, Les Soleils des indépendances, wanda Faransancinsa ke tafiya da salon harshen Malinke. A Montreal ta Kanada aka buga shi a 1968, bayan editansa Georges-André Vachon ya sa shi ya zubar da dogayen sassan da suka fi kama da sharhin siyasa na jarida. An rage nauyin, an bar harshen. A 1970 kamfanin Seuil na Faris ya dawo ya karɓi littafin, kuma harshen nan da aka ƙi shi ne ya sa ake tunawa da shi har yau.

Ina za a samu mai gyara?

Nijar ba ta rasa tushe ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Akwai ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, akwai cibiyar INDRAP mai shirya littattafan makaranta, akwai kuma gidan wallafa na Gashingo a Yamai da ke buga littattafai cikin harsunan ƙasa. Amma fitattun ƙagaggun labaran ƙasar da Faransanci aka rubuta su. Ko Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980 kan Sarauniya Mangu ta Lugu, labarin ƙasar Hausa ne cikin harshen Faransa.

Kafin a samu editocin Hausa masu cin abinci da sana'ar a Maradi ko Dakoro, marubuci yana da 'yan hanyoyi. Yana iya musayar daftari da wani marubuci, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Yana iya neman malamin da ya koyar a makarantun harshe biyu ya duba masa ƙa'idar rubutu. Yana iya ware mutum uku ko huɗu su karanta kafin kowa, da sharaɗin kada su ce "ya yi daɗi", su dai faɗi shafin da suka fara gajiya da wurin da suka daina yarda da labarin. Yabon ƙawaye a zaure ba gyara ba ne.

Gasanni ma makaranta ce. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 kuma Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da labarinta Sansani, tana ƙayyade yawan kalmomi. Wadda ta saba sakin shafi hamsin, idan aka ce ta faɗi komai cikin 'yan shafuka, dole ta koyi abin da za ta zubar. Idan aiki ya kammala kuma, Hukumar Kare Haƙƙin Mawallafa ta Nijar, BNDA, ita ce wurin rajista, musamman yanzu da ake kwafe labari a karanta shi a YouTube ba da sanin mai shi ba.

Mazauna ƙetare suna da rawar takawa. Su ne suka fi ƙishirwar labarin gida, su ne kuma suka fi iya biya. Kuɗin da ake turowa don shiga zauren karatu yana tafiya ne ga saurin fitar shafi. Da wani kaso zai tafi ga biyan wanda zai zauna ya tace littafin, ko ga buga kwafi 200 da za a ajiye a makarantu, da abin da za a samu ya fi shafin da ake gogewa idan waya ta cika.

Yaran da za su yi karatu da Hausa a Dakoro nan da shekara goma za su nemi littafin da ke maganar rijiyarsu da burtalinsu da kasuwarsu. Ƙila daftarinsa na farko yana cikin wata waya yanzu haka. Abubakar Imam ya samu wata shida da mutumin da ke karanta masa kowane shafi. Mai wannan waya kuwa, sai ya nemo nasa.